Makaroni da niƙaƙƙen nama da furomaj, ga mai son ta sauke kafin isha'i

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na ga tambayarki tun jiya da dare amma sai yanzu na samu zama. Kin ce kina tasowa daga aiki wajen ƙarfe 5 da rabi, kafin ki iso gida ki watsa ruwa magariba ta kawo kai, yara kuma sun ga wani abinci a waya, makaroni da niƙaƙƙen nama da furomaj, wato cukun Turawa, yana ja kamar danƙo, sun hana ki sakat sai kin yi musu, kin gwada sau ɗaya ya fito mai na yawo a sama naman kuma salam ba ɗanɗano, shi ne kike tambaya ina kuskuren yake kuma wane furomaj za ki saya nan Damagaram wanda ba zai cinye miki kuɗin cefanen sati ba.

To bari in ba ki abin da na sani. Na yi shekaru ina girki a wani masaukin baƙi nan cikin gari kafin in koma yin abincin biki da suna, kuma wannan abincin na dafa shi ba adadi, har yau shi nake yi ma yarana ranar da na dawo a gajiye. Daga yadda kika bayyana abin, wuri biyu ya ɓaci: naman bai soyu ba dahuwa ya yi cikin ruwansa, shi kuma furomaj kin zuba shi tukunya tana tafasa. In kika gyara waɗannan biyun sauran duk mai sauƙi ne, minti 35 zuwa 40 kin sauke, kuma tukunya ɗaya tak za ki ɓata. Can Amurka ma da ma abincin masu sauri ne, tun 1971 ake sayar da shi cikin kwali da sunan Hamburger Helper, makaroni da garin miyar suna ciki mutum namansa kawai zai kawo, ba wani abincin ƙasaita ba ne, kar hoton waya ya tsorata ki.

Mu fara da nama don shi ne uwa uba. Shanunmu na kiwo ne, Azawak ne ko jan Bororo ne duk tafiya suke sha, namansu tsoka ce zalla ba kitse a cikinta kamar na shanun da ake turkewa a ƙasashen waje. In kika ce ma mahauci ya ba ki tsoka mai kyau ya niƙa miki haka nan, za ki samu nama busasshe mai tsatstsauri a baki komai iya girkinki. Abin da nake yi, in rabin kilo zan saya sai in ce ya sa min giram 400 na tsoka da giram 100 na tozo, wato kashi 1 cikin 5 ya zama maiƙo. Tozo fa nake nufi ba kitsen ciki ba, kitsen ciki yana daskarewa a dasashi da zarar abinci ya huce kuma yana da ƙarni, shi kuwa tozo narkewa yake cikin naman ya ba shi gardi. Ki tsaya a gabansa ya cire miki jijiya da wannan farar fatar, don su ne ke fitowa kamar roba cikin abinci yaro ya tauna ya tofar ya ce ba ya ci.

Kuma don Allah ki zaɓi naman da idonki a niƙa a gabanki, kar ki sayi wanda kika tarar an riga an niƙa an tara cikin roba ba ki san tun yaushe yake zaune ba. Dalili shi ne, guntun nama in yana ɗungurungum ƙwayoyin cuta a bayansa kawai suke, wuta na taɓa shi sun mutu, amma da zarar an niƙa an cakuɗa na waje da na ciki, kuma suna hayayyafa da sauri ƙwarai. Ƙa'idar da aka koya mana ita ce niƙaƙƙen nama kar ya wuce awa 2 a waje, in kuma zafin wurin ya haura digiri 32 awa 1 ce, ke kuwa kin san bazarar garin nan, watan 4 da na 5 sai ta wuce 40. Shi ya sa in kin san kuran ba ya zama a unguwarku firigo ba abin dogaro ba ne, gara ki sayi naman a dunƙule ki niƙa dab da girki. In kina da ɗan injin nan na hannu to madalla, in babu ki yanka ƙanana ki sassara shi da wuƙa mai kaifi bisa katako, rabin kilo minti 10 ne, ni ma wallahi na fi son na wuƙa don yana da ɗan abin taunawa. Turmi kam ban ba ki shawara ba, yana maida shi kamar ƙulli. In kuma firigonki na aiki, ki sayi kilo 1 ko 2 ranar hutu ki raba rabin kilo rabin kilo cikin leda, ki danne kowace ta yi faɗi siririya kamar littafi kafin ki sa a wurin ƙanƙara, haka ta fi saurin daskarewa ta fi saurin saki, in kin dawo aiki ki tsoma ledar cikin ruwan sanyi kafin ki gama yanka albasa ta saki. Wanda kuran ya ɗauke ya saki har ya yi ɗumi kar ki mayar da shi ƙanƙara.

Wani abu da yawancinmu ke yi wanda ke kashe wannan girkin shi ne wanke niƙaƙƙen nama. Ki wanke shi tun yana guntu, ki tsane shi sosai, sannan a niƙa. In kika zuba masa ruwa bayan an niƙa ya sha ruwa ke nan, ba zai ƙara soyuwa ba har abada, kuma daɗin ya bi ruwan wankin.

Yanzu furomaj, nan ne nake so ki saurare ni da kyau don nan mutane ke zubar da kuɗi. Wanda kika gani yana ja a waya mozarela ne, na Italiya asalinsa, aikinsa ja ne kawai amma ɗanɗanonsa kaɗan ne, ga tsada, ga shi sai a manyan alimantasiyo kuma ba kullum ba, ga shi in sanyi ya yanke masa a hanya ko a shago sai ki buɗe ki ji ya yi tsami. Wanda ya fi dacewa da wannan abincin yana nan a butik ɗin bakin layinku, wannan mai kusurwa uku cikin kwali zagayayye, La Vache qui rit mai hoton jar saniya tana dariya, ko ire-irensa don akwai su da sunaye da yawa. Tun 1921 ake yin sa a Faransa, kuma an yi shi ne da ma a narke, an sa masa wani irin gishiri da ke riƙe mai da ruwa wuri ɗaya, shi ya sa in ya shiga miya mai zafi yake bajewa sumul ba ya tsinkewa ba ya yin gudaji, kuma yana jure rashin firigo fiye da sauran muddin ba a buɗe takardar ba. Kwali ɗaya mai guda 8 ya ishi rabin kilo na makaroni in kin haɗa da madara. Masu tambaya kan halascinsa, kamfanin na da masana'anta a Tanja ta Maroko, ki juya kwalin ki karanta inda aka yi da abin da ke ciki, ki duba ranar lalacewa ma tunda kin riga kin juya.

In kina son yara su ga wannan jan da suka gani, ki ƙara ƴar ledar furomaj ɗin da ake kira emantal gogagge ko mozarela giram 100 kawai ki barbaɗa a sama a ƙarshe. Amma jikin miyar dai mai kusurwa ukun ne zai yi shi. Ni ranar aiki ba na sa na saman sam, sai in ranar Juma'a ce ko an yi baƙi.

Sai namu na gida, cuku. Mutane da yawa sun tambaye ni ko zai maye gurbin furomaj tunda shi ma da nono ake yi, amsa ita ce ba ya narkewa. An shanya shi ne bisa ƴar tabarma har ya bushe, kina ma ganin sawun tabarmar a jikinsa, ruwan jikinsa ya tafi, in kika jefa shi cikin miya laushi kawai zai yi ya zauna yadda yake. Haka wagashin da ake kawowa daga Benin, shi da ruwan tumfafiya ake ɗaure nonon, soya shi ake kamar awara ba ya bajewa. Amma kar ki raina cuku, yana da aikin da furomaj na kwali ba zai iya ba, ƙamshi. Ki ɗan gasa falle ɗaya bisa garwashi ko busasshen kasko har ya fara ja, ki daka shi ya yi gari-gari ki barbaɗa bisa abincin, wallahi gardin da yake bayarwa ya ɗara na wasu masu tsadar, kuma manya da ba su saba da na Turawa ba sun fi karɓar abincin in sun ji wannan ƙamshin da suka sani wurin shan shayi. Abu ɗaya dai, sau da yawa da ɗanyen nono ake yin sa ba a tafasa ba, to in akwai mai ciki ko ƙaramin yaro a gidan ki tabbata ya gasu sosai, ko ki zuba garin cikin miyar tun tana tafasa ya dahu tare.

To ga yadda girkin yake, na mutum 6, manya 2 yara 4 kamar gidanki. Nama rabin kilo, makaroni leda ɗaya ta giram 500, ki samu mai lanƙwasa ko mai kamar dodon koɗi don miyar ta shige cikinsa, taliya doguwa ba ta dace da tukunya ɗaya ba tana mannewa. Albasa 2 manya, ƴar Galmi in kin samu don ta fi ƙamshi in ta soyu, tafarnuwa ƙwara 4, tumatir na gwangwani cokali 2 manya, ɗanyen tumatir 3 ko 4, garin tattasan Diffa cokali 1 babba, masoro, ƴar citta, ganyen lore 1, magi 1, madarar gari cokali 4 manya, sai furomaj guda 8. Lokacin sanyi da tumatir na lambu ke cika Kasuwar Dole ki yawaita ɗanyen, lokacin da ya yi tsada na gwangwanin kaɗai ya wadatar, ko ki jiƙa kauɗa ki niƙa.

Kina shigowa gida abin farko ki ɗora ruwa lita 1 da ɗan ƙari a buta ko wata ƴar tukunya ya yi zafi, don ruwan sanyi in ya shiga yana mayar da girki baya da minti 10. Ki ɗora tukunya mai faɗi mai kaurin gindi, ki bar ta ta yi zafi sosai tukuna, man gyaɗa cokali 2 kawai tunda tozo zai fitar da nasa, sai ki zuba naman ki baza shi ya rufe gindin tukunyar, ki cire hannunki. Wannan cire hannun shi ne abin da ya fi wuya ga mai girki, hannu na ƙaiƙayin juyawa, amma ki bar shi minti 3 zuwa 4 ba taɓawa, wuta da ƙarfi, ba murfi. Za ki ga ya fito da ruwa, ki bar ruwan ya ƙone, sai ƙarar ta canza daga ɓararraka ta koma cuwa-cuwar suya, ki ɗaga gefe ki ga ƙasan ya yi ja-ja kamar bayan tsire, to sannan ki farfasa shi da muciya ki juya. In tukunyarki ƙarama ce ki soya shi kashi biyu, don in kika cunkusa tururi ne zai dafa shi ya fito fari-fari, wanda nake zaton shi ya same ki. Gishiri kaɗan da masoro ki sa bayan ya yi jan. Kar ki bar ko ɗigon ja na ɗanyantaka a cikinsa, niƙaƙƙen nama sai cikinsa ya kai digiri 71 yake zama lafiya, amma tunda zai ƙara dahuwa da makaroni wannan ba abin damuwa ba ne a nan.

In man ya yi yawa ki karkata tukunyar ki kwashe ki bar kamar cokali 3, wanda kika kwashe ki ajiye ma wake da shinkafar gobe. Ki tura naman gefe ki zuba albasa yankakkiya ƙanana, minti 3 ta yi laushi, tafarnuwa da citta su biyo baya ƴan daƙiƙu kawai don tafarnuwa in ta ƙone ɗaci take, sai tumatir na gwangwani da garin tattasai, su ma ki soya su cikin man minti 2 har jan ya yi duhu tsamin ya mutu. Wannan soya tumatir ɗin yana da muhimmanci biyu, yana rage tsamin tumatir ɗin a baki, kuma tsami shi ne abokin gabar madara, in ya yi yawa yana tsinka ta. Ki zuba ɗanyen tumatir ɗin da kika yanka ko kika goga, ruwansa zai ɗago wannan ɗan ƙanzon da ya kama gindin tukunya, ki kankare shi da muciya ya shiga miyar don duk daɗin naman a nan ya taru, muddin ja ne ba baƙi ba.

Sai ki juye makaroni ɗanyensa haka nan, ki zuba ruwan zafin ya rufe shi da kamar gaɓar yatsa ɗaya, magi da ganyen lore, yana tafasowa ki rage wuta ki rufe. Minti 10 zuwa 12, amma ki riƙa buɗewa kina juyawa duk bayan minti 3 don yana son kama ƙasa, in kin ga ruwa ya ƙafe shi kuma da sauran ƙarfi ki ƙara rabin kofi na zafi. Makaroni kala-kala ne a kasuwa, wani na Aljeriya wani na Najeriya wani na Turkiyya, ba su shan ruwa daidai, shi ya sa ki fara da kaɗan kina ƙarawa, ƙari ya fi ragi sauƙi. Wasu za su ce miki ai sai an tafasa makaroni daban an tace an ɗauraye, ni ban yarda ba a wannan abincin, don wannan farin ruwan mai yauƙi da ake zubarwa shi ne ke ba miyar kauri ya riƙe furomaj, kuma mu da muka san darajar bido ɗaya na ruwa a garin nan ba mu da dalilin zubar da lita 4 a tsakar gida mu kuma ƙara ma kanmu wanke-wanke. Wannan minti 10 ɗin in kina da babbar ɗiya ta tsaya miki kan juyawa ki je ki yi sallarki, in ba ki da mai tsayawa ki yi sallar kafin ki zuba makaronin, miyar naman ba ta ɓaci don ta jira.

Kafin ya nuna ki dama madarar cikin kofi ɗaya na ruwa mai ɗumi, kamar rubu'in lita, ki ɓare furomaj ɗin ki mutsuttsuka shi a ciki da cokali. Ki ɗanɗana makaroni, in ya nuna amma da ɗan sauran tauri kaɗan a tsakiya, kuma akwai ɗan romo a ƙasa bai bushe ƙaf ba, ki kashe wuta. In furno ne na gawayi ki sauke tukunyar ƙasa gaba ɗaya don gawayi ba ya jin an ce ya rage. Ki bari tafasar ta kwanta kamar minti 1, sannan ki zuba haɗin madarar ki juya a hankali har fari ya ɓace miyar ta koma ruwan lemo mai sheƙi. Zafin da ke jikin abincin ya isa ya narkar da shi. Dalilin da ya sa naki ya fitar da mai shi ne, furomaj madara ce da aka ɗaure, maiƙonta na riƙe a ciki, in wuta ta yi masa yawa sai ya takure ya matse man ya fito waje shi kuma ya zama ƴan gudaji kamar roba, emantal da mozarela sun fi saurin yin haka. Ni ma ya taɓa samu na a wani taron suna, tukunya babba ta mutum wajen 40, na zuba gogaggen furomaj wuta na ci a ƙasa don ana ta aiko min a yi sauri, gaba ɗaya ta tsinke, raina ya ɓaci ƙwarai ranar don kuɗin mutane ne da amanarsu. Abin da ya cece ni shi ne na sauke na dama garin fulawa kaɗan da madara na zuba ina juyawa har ta ɗan haɗe. In ya sake faruwa da ke ki yi hakan, cokali 1 na fulawa cikin rabin kofin madara, ki mayar kan wuta ƙasa-ƙasa minti 2 don ɗanyen fulawar ya mutu, ba zai dawo kamar farko ba amma zai ciwu.

Sai yanzu ne za ki ɗanɗana gishiri, ba kafin nan ba. Furomaj na da gishirinsa, magi na da nasa, shi ya sa na ce magi 1 ba 3 da muka saba ba, balle in akwai mai hawan jini a gidan. Ki rufe ki bar shi minti 5 ya zauna. Zai yi miki kamar ya yi ruwa lokacin da kika sauke, kar ki damu makaroni na ci gaba da sha, kafin a shimfiɗa tabarma ya yi daidai. In za ki sa na barbaɗawa a sama to kafin ki rufe ɗin ne za ki sa.

In kina son saman ya yi ja irin na gidan abinci kuma ba ki da fur, wato murhun gasa burodi da kek, dabarar da muke gasa kek da ita ta isa, murfin ƙarfe ki ɗora ki zuba garwashi a kansa minti 5 zuwa 7, ƙasa ba wuta. Ki kula da toka wurin buɗewa.

Maganar mutanen gida kuma, ke kika san naki. In Hajiya na tare da ku ko maigida irin mutanen nan ne da ba su son ƙarnin madara cikin abinci mai gishiri, ki ɗibar musu nasu kafin ki zuba furomaj, a wannan matakin ma cikakken abinci ne, dafa-dukan makaroni da nama, ki ba su da yaji a gefe. Kar ki tilasta ma babba abin da bai saba ba, zai ƙi shi ne gaba ɗaya har yaran su koya. Barkono ban sa a tukunya ba da gangan saboda yara, tattasai launi da ƙamshi yake bayarwa ba zafi ba, mai son zafi ya barbaɗa yajinsa. Ƴar gyaɗar miya in kin goga kaɗan cikin madarar tana kashe ƙarnin sosai. Akwai kuma yaran da madara ke ɓata ma ciki, kumburi ko zawo, in kina da irinsu ki bar madarar ki narkar da furomaj ɗin da romon tukunyar kawai ki rage shi zuwa 5, ki ga yadda za su kwana.

Ranar da nama ya yi tsada giram 300 ma ya yi, ki goga karoti 2 ki yanka shu siriri ki soya tare da albasa, suna narkewa cikin miyar yara ba su ma lura. Abincin na da nauyi, ɗan salati da kokombur da lemon tsami a gefe ya wadatar, burodi ba dole ba.

Wanda ya rage shi ne inda nake so ki yi hattara, don nama da madara ne a haɗe, ba irin tuwo ba ne da zai kwana a rufe a yi ɗumame da safe lafiya lau. Yana hucewa ki sa a firigo, kar ya wuce awa 2 a waje, lokacin zafi awa 1, kuma a cinye cikin kwana 2. In ba firigo ko kuran ba tabbas, ki dafa daidai cikinku, in ya ragu ki miƙa ma maƙwabta ko almajiri tun da ɗuminsa a daren. Wurin ɗumamawa zai yi miki kamar ya daskare ya zama dunƙule, ki yayyafa ruwa ko madara cokali 3 zuwa 4, wuta ƙasa, ki rufe kina juyawa har ya yi zafi ko'ina yana tururi, zai saki ya dawo. In za ki zuba ma yara su tafi da shi lakwal ki ɗumama shi haka da safe ki sa a kula mai riƙe zafi, su ci a hutun farko kar su ajiye sai an tashi.

Ki gwada ranar da ba ki cikin gaggawa tukuna don hannunki ya gane yawan ruwan da irin makaronin da kike saya ke sha, in ya yi miki kauri ko ruwa ki faɗa min sunan makaronin da girman tukunyar sai mu daidaita. A gaida yaran da maigidan.